Man Tarakta da Filtocinta: Abin da Yatsa Ba Ya Iya Faɗa

Akwai wani gwaji da kusan duk wanda ya taɓa riƙe sifana ya iya. A buɗe jarka, a tsoma yatsa, a murza man tsakanin babban yatsa da manuniya, a ɗan ware su a ga ko zai yi zare. In ya kama hannu, sai a gyaɗa kai a ce wannan mai ne na gaske. Ni ma na daɗe ina yin haka, har yau kuma hannuna kan kai bakin jarka ban sani ba. Amma cikin duk abin da ya kamata a sani game da man da za a zuba wa tarakta, kauri kaɗai yatsa ke iya faɗa, shi ma ɗin kaurinsa ne a inuwar da kake tsaye, ba a cikin inji mai tafasa ba. Sauran labarin yana rubuce a bayan jarka, da ƙananan haruffan da yawancinmu ba mu cika tsayawa karantawa ba.

Abin da ke ƙara rikita lamarin shi ne tarakta ba ciki ɗaya gare ta ba. Inji da nasa man. Babban gidan baya, inda giya da birki da famfon haidirolik suke zaune tare, da nasa. In mai jan ƙafa huɗu ce, aksil ɗin gaba da nasa. Ga lagireto, ga giris, wasu ga ƙaramin kofin man birki, sababbi kuma har da tankin ruwan tsaftace hayaƙi. Kowane da abin da yake so, kuma mafi yawan ɓarnar da ake yi ba ta rashin mai ba ce, ta zuba mai kyau a inda ba nasa ba ce.

Mu fara da baƙin mai, tunda shi kowa ya fi sani. Lamba irin 15W-40 da ke gaban jarka ma'auni ne na ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE, kuma ba ta cewa komai game da inganci, kauri kawai take bayyanawa. Lambar da ke manne da W tana nuna yadda man ke gudana cikin sanyi, lokacin da aka murza maƙulli inji bai ɗumama ba. Ana gwada mai 15W a digiri 20 ƙasa da sifili, 10W a 25, 5W a 30. Lamba ta biyu kaurinsa ne a zafin digiri 100, kusa da inda inji yake zama in yana jan garma. Kenan 15W-40 da SAE 40 zalla ajinsu ɗaya in sun yi zafi. Bambancin yana cikin daƙiƙoƙin farko, inda na farkon ke riga na biyun isa kan boris da saman inji, a daidai lokacin da ƙarfe ke gogar ƙarfe ba shamaki sosai. Shi ya sa 15W-40 ya zama man da aka fi zuba wa injinan dizal na noma, masu aiki a wuri mai tsananin sanyi kuma su sauko zuwa 10W-30 ko 5W-40.

Akwai wata ɗabi'a da nake so in taɓa a nan. Inji ya tsufa, allurar gejin mai ta fara sauka, sai a ce a nemo mai kauri. A zuba 20W-50, allura ta tashi, kowa ya yi murmushi. To abin da gejin ke aunawa shi ne wahalar da famfo ke sha wajen tura mai, ba yawan man da ke kaiwa inda ake buƙata ba. Mai kauri ya fi wuyar turawa, dole allura ta hau. Boris ɗin da ya ci yana nan a cinye, an dai rufe bakin mai kai rahoto ne. Za a iya lallaɓa tsohon inji da haka har a gama aikin kaka, ban ce a'a ba, amma kada a kira shi gyara.

Ingancin yana cikin wasu haruffan daban, waɗanda cibiyar man fetur ta Amurka, API, ke bayarwa. Duk ajin da ya fara da S na injin fetur ne, wanda ya fara da C na dizal ne. CH-4 ya fito a 1998, CI-4 a 2002, CJ-4 a 2006, sai CK-4 a ƙarshen 2016. Kowane sabo an tsara shi ya maye gurbin na baya, don haka tarakta da littafinta ya ce CH-4 ba ta da matsala da CK-4. Akasin haka ne ke da haɗari. Tare da CK-4 ɗin kuma aka fito da wani mai suna FA-4, wanda ya fi tsinkewa a zafi don rage shan dizal, kuma shi ba ya maye gurbin kowa. In littafin injinka bai ambace shi da suna ba, bar shi a kan kanta. Mai da aka yi a Turai za ka ga yana ɗauke da haruffan ACEA, irin su E7 da E9, aikinsu ɗaya ne da na API ɗin.

Me ya sa ajin yake ta canzawa? Dokokin hayaƙi ne. Sababbin taraktoci da yawa suna da wata matata a cikin salansa, ana kiranta DPF, da ke kama baƙin tozalin hayaƙi ta ƙone shi lokaci-lokaci. Kowane inji yana ƙone ɗan mai kaɗan, kuma sinadaran ƙarfe da ke cikin man suna barin toka. Tozali yana ƙonewa, toka ba ta ƙonewa, tana taruwa ne har ta toshe matatar. Saboda haka tun daga CJ-4 aka iyakance tokar man a kashi 1 cikin 100. Wanda ya zuba wa sabuwar tarakta tsohon ajin mai ba zai ji komai a ranar ba, injin ma zai yi ta aiki lafiya lau, sai bayan ɗaruruwan awoyi fitila ta kama a gaban direba, inji ya rage ƙarfi da kansa a tsakiyar gona.

Ta ɗaya ɓangaren kuma akwai sulfa. A Amurka dizal ba ya wuce kashi 15 cikin miliyan na sulfa, a Tarayyar Turai 10, amma akwai ƙasashen da nasu ya ninka haka sau ɗaruruwa. Sulfa in ta ƙone ta haɗu da danshi asid take zama, ta gangara cikin mai. A cikin man akwai sinadarin da ke kashe kaifin asid ɗin, ana auna yawansa da abin da ake kira TBN, kuma yana ƙarewa kamar yadda sabulu ke ƙarewa a wanki. Inda dizal ke da sulfa da yawa ya fi saurin ƙarewa, shi ya sa littattafan kamfanoni da dama suke cewa a rage tazarar juye, wani lokaci har zuwa rabi. Kenan zaɓen baƙin mai yana farawa ne daga tambayar wane irin dizal kake sha.

Tazarar da awa ake ƙirga ta, ba da kilomita ba. Awa 250 ita ce aka fi sani, sababbin injina da man da ya dace suna kaiwa 500, juyen farko na sabon inji ko wanda aka yi wa ringi kuma a awa 50 ko 100. Ko tarakta ba ta cika awoyin ba, a juye sau ɗaya a shekara, domin mai da ke zaune yana tara danshi. Kada kuma baƙinsa ya tsorata ka. Man injin dizal kan yi baƙi cikin 'yan awoyi, alama ce yana riƙe tozalin a jikinsa maimakon ya bar shi ya kwanta a cikin inji. Abin tsoro shi ne ka zaro ma'auni ka ga man ya yi fari-fari, ko yana warin dizal, ko ya ƙaru da kansa ba wanda ya ƙara, ko kuma yana ƙyalli in rana ta haske shi.

Yanzu ga inda aka fi yin kuskure, wato gidan baya. Wata shekara na kai taraktata a duba mani yoyo a bayanta. Aka gyara, mai ya ragu, yaron shagon ya cike da abin da ke kusa da hannunsa, man haidirolik zalla mai lamba 68, irin wanda ake zuba wa jak da injin matsa kaya. Da na tambaya ya ce ai haidirolik ne, haidirolik kuma aka ce. Kwana biyu ba a ji komai ba. Rana ta uku na taka birkin hagu zan juya a bakin kunya, sai na ji wani gurnani daga ƙarƙashin kujera, tarakta tana karkarwa kamar mai zazzaɓi, feda yana bugun tafin ƙafata. Sai da aka zubar da man gaba ɗaya aka canza filta, aka sake zubarwa karo na biyu bayan 'yan awoyi, kafin kukan ya lafa.

Dalilin yana cikin yawan aikin da aka ɗora wa wannan mai guda. Haƙoran giya suna son mai da zai jure matsi kada su cinye juna. Famfon haidirolik yana son mai da zai bi ta ƙananan bawul da sauri, ba kumfa. Birkin yawancin taraktocin zamani kuma faifai ne da ke iyo a cikin wannan man, haka ma kulocin PTO, wato sandar baya da ke juya injin feshi ko na yankan ciyawa. Su waɗannan faifan ba santsi zalla suke so ba. Suna son man da zai bar su su kama a hankali, ba su zame ba, ba kuma su cafke su saki su sake cafkewa ba. Wannan cafka da sakin, sau da yawa a daƙiƙa guda, shi ne gurnanin da na ji. Man haidirolik zalla ba shi da sinadarin daidaita wannan kamun, kuma ba shi da isasshen kariya ga giya. Man giya na mota ya yi wa famfo kauri. Baƙin mai na yau da kullum ba a auna shi da faifan birki ba.

Man da aka haɗa don wannan gida ana kiransa UTTO. Akwai ɗan'uwansa STOU, wanda aka yi don a zuba shi a inji da gidan baya duka, jarka ɗaya ta sallami tarakta. Yana da sauƙi, kuma ga tsofaffin taraktoci ba laifi, amma ajinsa na inji yawanci tsoho ne, ba ya kai abin da inji mai matatar hayaƙi ke buƙata. Wanda ya ce zai yi aikin kowa, dole wani ya samu ragi.

A nan babu wani ma'auni guda na duniya kamar na API. Kowane kamfani da lambarsa. John Deere na da J20C, da J20D mai ƙarancin kauri don wuraren sanyi. Massey Ferguson na da M1135, M1143 da M1145. Ford da New Holland sun daɗe da M2C134-D, Case da MS-1207 da MS-1209, Kubota da UDT. Aikinka ɗaya ne: buɗe littafin taraktarka, kwafo lambar a takarda, je ka nemo ta a bayan jarka. Ba lallai ne jarkar ta zama ta kamfanin da ya ƙera taraktar ba, su ma ba su da rijiyar mai, ba da aikin haɗawa suke yi. Amma a lura da lafazi. Jarkar da ta ce man ya cika sharuɗɗan lamba kaza, ko kamfanin ya amince da shi, ta ɗauki alkawari. Wadda ta ce kawai ana iya amfani da shi a taraktoci irin su wane da wane, ta jero sunaye goma sha biyu ba lamba ko ɗaya, ba ta ce komai ba.

Amurka ta ga ƙarshen irin wannan. Shekaru da yawa ana sayar da wani mai araha a bokitai da sunan 303, lambar wani tsohon ma'aunin John Deere da kamfanin ya daina aiki da shi tun 1974. Tunda ma'aunin ya mutu, babu abin da za a gwada man da shi, kowa na zuba abin da ya ga dama ya rubuta 303. A 2017 hukumar noma ta jihar Misuri ta hana sayar da shi bayan ta gwada samfura, wasu jihohi suka bi sahu, manoma kuma suka shigar da ƙararraki. Lamba ce dai a jikin bokiti, amma lambar matacce.

Sau da yawa za ka ji wani ya ce kakansa man giya kawai yake zubawa a baya, kuma taraktar ta shekara arba'in. Gaskiya ya faɗa. Ferguson TE20 da aka fara ƙerawa a 1946 birkinta busasshe ne, yana waje cikin gangar taya, babu faifan da ke iyo a mai, famfonta kuma mai haƙuri ne. Ba irin cikin ba ne da na tarakta mai giyar da ke canza kanta, wadda in littafinta ya kira mai ɗaya tak da suna, to shi ɗin ne, ba a yi masa kishiya.

Wani abu da ba a cika tunawa ba: duk lokacin da ka jona tiyon tirela ko haro na aro a bayan taraktarka, man da ke cikin silindarsa yana shigowa ya gauraya da naka, ko mene ne shi. Ba ka da iko a kan wannan sosai, amma kana da iko a kan ƙasar da ke bakin majonin. Goge shi da tsumma kafin ka cusa. In kuma kana neman inda tiyo ke yoyo, sa kwali, kada ka sa hannu. Matsin man yana kaiwa wajen bar 200 (bar ma'aunin matsi ne), siririn feshi na iya huda fata ya shige cikin nama, kuma wannan rauni ne na tiyata cikin gaggawa ko da ramin bai fi na allura ba.

Aksil ɗin gaba da giyoyin bakin taya, wasu UTTO ɗin suke sha, wasu man giya 80W-90 ko 85W-140. Kada lambar 90 ta ruɗe ka, sikelin man giya daban ne, kaurin 90 nasa yana kusa da 40 ko 50 na baƙin mai. A azuzuwan man giya, GL-5 ya fi GL-4 jure matsi, amma sinadarinsa na iya cin tagulla in zafi ya yi yawa, don haka inda aka ce GL-4 ba a yi wa littafi gwaninta. Man birki kuwa, a taraktocin da ke da kofinsa daban, iri biyu ne da ba sa ga maciji da juna: DOT 3 ko DOT 4 irin na mota, da man ma'adini irin LHM mai launin kore. Zuba ɗaya a gidan ɗaya yana kumbura robobi, birki ya maƙale ko ya ɓace. Galibi an rubuta a kan murfin. Giris mai lambar kauri NLGI 2 ya wadatar a yawancin wurare, sai dai a tsaya a kan iri ɗaya, domin wasu in sun haɗu narkewa suke yi su zubo.

Lagireto ya cancanci a ɗan dakata a kansa, saboda mutanen ƙasashe masu zafi sun ɗauka ruwan sanyaya inji na masu ƙanƙara ne kawai. Haɗin rabi da rabi na ruwa da gilaikol, wato babban sinadarin ruwan sanyaya inji, yana hana daskarewa har wajen digiri 37 ƙasa da sifili, haka ne, yana kuma ɗaga zafin tafasa kaɗan. Amma babban aikinsa a injin dizal wani ne. Injina da yawa silif ɗinsu jiƙaƙƙe ne, wato ruwa yana taɓa bayan silindar kai tsaye. Duk fashewar da ta faru a ciki tana girgiza silif ɗin, ƙananan kumfa su taso a jikinsa su fashe da ƙarfi, kowace ta ɓantari ɗan ƙarfe. In aka zaro irin wannan silif za ka ga gefensa kamar gara ta ci, ramuka a jere, har wani ya ɓulle ruwa ya shiga cikin mai. Sinadaran da ke cikin ruwan sanyaya injin dizal, wanda ya cika ma'auni irin ASTM D6210, su ke shafa wa silif rigar da kumfan ke ci a madadinsa. Ruwan rijiya zalla ba shi da wannan, ga shi yana barin farin ɓawo da ke hana zafi fita. Launi kuwa, kore ko ja ko ruwan ɗorawa, rini ne kawai, babu dokar da ta ɗaure shi da wani iri. Kada a zuba shi tsura ba sirki, gilaikol bai kai ruwa ɗaukar zafi ba. In ya zube a share, yana da zaƙi a bakin dabba kuma guba ne.

Tanki mai shuɗin murfi a sababbin taraktoci na ruwan tsaftace hayaƙi ne, AdBlue, wasu su ce DEF: kashi 32.5 cikin 100 yuriya mai tsabta, sauran tataccen ruwa. Ba a haɗa shi a gida da takin zamani, ba a kuma ɗebo shi da jarkar da ta taɓa dizal.

Sai filta. A nan ne karin maganar kama da wane ba ta wane ta fi zama daidai, domin filtoci biyu na iya zama tsayi ɗaya, fenti ɗaya, zare ɗaya, su ɗauru tsaf, cikinsu kuwa ya sha bamban. Ana auna dattin da suke kamawa da maikiron, kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Gashin kai yana wajen maikiron 70, ido ba ya ganin abin da ya gaza 40, dattin da ke cinye famfo da injekta kuwa bai kai 10 ba. Rubuta maikiron 10 a jikin kwali shi kaɗai ba ya nufin komai, sai an ce kashi nawa take kamawa. Wannan shi ne aikin lambar beta: a ƙirga ƙwayoyin datti kafin filta da bayanta. Beta 2 na nufin rabi ya wuce. Beta 75 na kama kashi 98.7, beta 200 kashi 99.5. Duka ukun suna iya kiran kansu filtar maikiron 10.

Filtar iska ita ce aka fi rainawa, kuma ita ce ta fi saurin kashe inji. Kafin inji ya ƙone lita ɗaya ta dizal sai ya shaƙi iska fiye da lita dubu 10, a gonar da tarakta ke tafiya cikin ƙurar da ita kanta ta tayar. Ƙura yashi ce, in ta gauraya da mai a jikin silinda ta zama abin wasa wuƙa. Yawancin taraktoci filta biyu gare su, babba a waje, siririya a ciki. Ta cikin ba a kakkaɓe ta, ba a hura ta, ba a ma cire ta sai za a canza. In ka ga ta yi datti, ta wajen ta huje ne. Abin da zai ba mutane mamaki shi ne filtar da ta ɗan ɗauki ƙura ta fi sabuwa tacewa, domin ƙurar tana cike manyan ƙofofin takardar. Wanda ke zaro filta kowace safiya ya buga ta a jikin taya yana ganin kulawa yake yi, alhali kowane bugu na iya tsaga takarda ko lanƙwasa roban baki, kowace buɗewa kuma tana zubo ƙura a bututun shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A bi alamar toshewa da ke jikin gidan filtar, in ta yi ja a taɓa. In dole sai an hura, daga ciki zuwa waje, da iska marar ƙarfi da ba ta wuce bar 2 ba, sannan a sa fitila a ciki a duba ko haske na ɓullowa ta wani wuri. Tsofaffi masu kwanon mai a ƙasan gidan iska kuwa, a wanke kwanon a cika shi daidai layi, in ya wuce inji zai zuƙe man.

Filtar dizal ta canza matsayi tun da injekta ta koma hannun kwamfuta. Tsofaffin famfuna suna da ɗan haƙuri. Tsarin zamani mai bututun matsi guda yana aiki a bar 1,600 zuwa sama da 2,000, gibin da ke cikin injektarsa 'yan maikiron ne. Shi ya sa ake jera filta biyu, ta farko mai kwano a ƙasa tana raba ruwa da manyan datti, ta biyu tana tace har maikiron 2 zuwa 5. A riƙa buɗe ƙasan kwanon ana zubar da ruwa. A cika tanki da yamma bayan aiki, don kada raɓa ta taru a bangonsa cikin dare. Akwai kuma dabarar da makanikai suka gada, cika sabuwar filta da dizal kafin a ɗaura don inji ya tashi da wuri. A sabon inji a bar ta. Abin da ka zuba ta ramin tsakiya ya tsallake takardar, kai tsaye zai tafi injekta. A ɗaura ta a bushe a yi amfani da famfon hannu.

Filtar baƙin mai tana da bawul biyu da ido ba ya gani daga waje. Ɗaya yana buɗewa in takardar ta toshe ko mai ya yi sanyi, ya bar man ya wuce ba tacewa, domin mai datti ya fi babu. In wannan bawul bai dace da injin ba, ko dai ya riƙa buɗewa da wuri ko ya makara. Shi ya sa neman filtar da ta fi ta asali ƙananan ƙofofi ba lallai ya zama alheri ba, tana iya sa bawul ɗin ya yini a buɗe. Bawul na biyun yana hana mai komawa ƙasa in an kashe inji. Wajen ɗaurawa, a tabbata tsohon roba bai manne a mazauni ba, a shafa wa sabon ɗan mai, a ɗaure da hannu. Filtar haidirolik kada a musanya ta da ta inji ko da zarensu ɗaya, kuma in an zo canza man baya, wanda kan kai awa 1,000 zuwa 1,500, a tuna da ragar da ke bakin bututun zuƙa, mutane da yawa ba su san tana nan ba sai hannun ɗaga garma ya fara rawa.

Duk wannan zaɓe na iya rushewa tsakanin duro da bakin inji. Duron da aka bari tsaye a waje yana numfashi: rana ta buɗa iskar ciki, dare ya tsuke ta, ya zuƙo ruwan da ya kwanta a kan murfi ko da an ɗaure tam. A kwantar da shi ko a karkata shi, ko a sa shi a rumfa. Kowane mai da mazurarinsa, a kife a cikin leda. A rubuta kwanan wata da awar tarakta a jikin sabuwar filta da alƙalamin fenti, ƙwaƙwalwa ba ta riƙe wannan. Mai taraktoci da yawa zai amfana da aika ɗan samfurin mai ɗakin gwaji: silikon da yawa na nufin ƙura na shiga, sodiyam ko fotasiyam na nuna ruwan lagireto ya ɓulle, tagulla da dalma daga boris suke fitowa.

Wanda ba shi da wannan hali yana da tsohuwar filtar da ya kwance. A bar ta ta tsane, a yanke gwangwanin ta gindi da almakashin ƙarfe, ba da zarto ba don kada garinsa ya ruɗa ka, a zaro takardar a ware ninkinta a rana. Baƙi zalla ba komai. Ƙyalli fari da ke bin maganaɗisu daga giya ko silinda yake, mai launin zinariya daga tagulla, baƙaƙen ɓarɓashi masu laushi a filtar haidirolik kuma ko roba ce ko fatar faifan birki ta fara sauka.